Katin Da Ya Katse Guɗa

"Giram ashirin! Ƙasa da haka ba a taɓa yi wa 'yar gidanmu ba!"

"Haba Madam Suhair, amarya za mu ɗauka ko shagon za mu saya?"

Awa biyu ke nan uwar amarya, Madam Suhair, da uwar ango suna wannan ja-in-ja a shagon wani mai zinare da ke unguwar Shubra. Nirmin ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse. Yau ake sayen zinaren baikonta, in kuwa ba zinare to ba baiko. Ta saci kallon Hazim, masoyinta na shekara uku, ya kashe mata ido ɗaya. Nan take ta ji sanyi a ranta.

Da ƙyar aka tsaya a giram sha shida. Goggo Afaf, ƙanwar babanta, wadda tun safe take gyaran murya, ta kara hannu a baki ta rangaɗa guɗa.

Hazim ya zaro katin bashinsa na banki cikin isa ya miƙa. Mai shago ya zura a inji, injin ya yi ɗan kuka ya tofo takarda.

"Bai shiga ba."

"Sake dai, ƙila sabis ne..."

Aka goge kati a riga, aka hura masa iska, aka sake. Shiru kake ji. Guɗar Goggo ta yi ta saukowa a hankali har ta koma tari.

Ustaz Fikri, mahaifin Nirmin, shekara talatin ya yi yana biyan albashi a ma'aikatar gwamnati. Mutum ne da kan biya kuɗin wuta tun kafin a kawo takarda. Ya gyara tabarau ya ce, "Kira bankin. Ka buɗe muryar kowa ya ji."

Wata mata mai zaƙin murya ta ɗauka.

"Ranka ya daɗe, wata biyu ke nan ba a biya ko kwabo ba. An ci ka tarar jinkiri, kuɗin ruwa na ta hawa, katin kuma mun rufe shi. Sunanka ma ya shiga jerin masu taurin bashi. Sau goma sha ɗaya muka kira lambar gida, kullum sai a ce mana kana wanka."

Hazim ya juya ya dubi mahaifiyarsa. Ummu Hazim kuwa ta duƙufa kallon fankar sama, kamar yau ta fara ganin fanka. Hazim ya juyo wajen Ustaz Fikri.

"Laifina ne, Baffa. Na manta."

"Ka manta! Yau banki ka manta, gobe kuma 'yata za ka manta da kuɗin cefane. Nirmin, tashi mu je."

Kwana uku Nirmin ba ta da aiki sai kuka. Baba ya riga ya yanke hukunci: ranar Juma'a za a mayar wa gidan su Hazim duk kyautar da suka taɓa kawowa. Ba ta taɓa yi masa musu ba, kuma ba ta jin za ta iya rayuwa ba Hazim.

Ta kira shi daga baranda, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Kai da ka san kalar mayafin da na saka ranar da muka fara haɗuwa, kai ne za ka ce ka manta?"

"Na manta, abar ƙaunata..."

"Ƙarya kake! Wata ce, ko? Wa ka kashe wa kuɗin?"

"Wallahi ke kaɗai ce, Nirmin."

"To faɗa min gaskiya, masoyina. Jibi fa shi ke nan!"

Ya sake cewa mantawa ya yi. Ta kashe wayar don haushi, sannan ta zauna tana jiran ya sake kira.

Ranar Alhamis da la'asar aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ummu Hazim ce, ta hau bene hawa biyar da ƙafa, tana haki. Ta zube a kujera ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ustaz, ni ce! Yaron nan aikinsa a sahara yake, sau ɗaya yake zuwa gida a wata. Duk wata yakan ba ni kuɗin in kai banki. Ni kuwa na zuba su a adashin unguwa, don in kwasa in yi wa amarya kayan ɗaki."

"Bankin fa, Hajiya?"

"Banki fa! Gini hawa tara, ga na'urar sanyi ko'ina. Me zai same su in sun yi haƙurin wata biyu? Mai shagon layinmu shekara ashirin yana jirana, bai taɓa cin tarata ba! Na ma so in kai wa manajan kek ɗin basbusa mu daidaita."

Goggo Afaf ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Sai ga Hazim ya faɗo ɗakin, gumi sharkaf. "Mama! Na ce ki bari!"

"Rufa min baki! Ka kwana uku ba ci ba sha, in zuba ido ka mutu?"

Ummu Hazim ta naɗe hannun riga. Warwaron zinare guda biyu ne, sun nutse a tsoka. "Marigayi babansa ya saka min su ranar baikonmu, lokacin hannuna kamar sillen kara. Ɗaya a sayar a toshe bakin banki, ɗaya na amarya."

Ta ja, warwaro ya ce bai san zancen ba. Madam Suhair ta ɗauko sabulu, Goggo ta kawo man zaitun da leda.

"Ja a hankali, hannu ne ba igiyar rijiya ba!"

"Ke ma da kin rage cin makaroni ai da tuni ya fita!"

Nirmin ta dubi Hazim, ya sunkuyar da kai. Tausayinsa da sonsa suka cika mata zuciya lokaci guda. Ta je ta durƙusa gaban babanta.

"Baba, ka ce mai mantuwa ba ya riƙe gida. To bai manta ba. Ya gwammace a ci mutuncinsa a bainar jama'a da ya tona asirin mahaifiyarsa. Ni dai... irin wannan mijin nake so."

Ustaz Fikri ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Kai Hazim, wawa ne kai, amma wawan kirki. Gobe ka kawo min takardun bankin nan duka. Daga yau ni zan riƙa kai kuɗin da ƙafata. Hajiya kuma kada ta ƙara bi ta ƙofar banki, ko da inuwa ta je sha."

"Na gode, Baffa!"

Hazim ya matso kusa da Nirmin ya raɗa mata, "Har da cewa wata ce, ko?"

"Yi min shiru. Ban gama fushi ba."

Daidai nan warwaro ɗaya ya fita fit, Madam Suhair ta tafi da baya ta faɗa kan Goggo. Inda ya zauna shekara talatin ya bar farin zane a fata. Ummu Hazim ta kalli wurin, idonta ya kawo ruwa. Ta goge sabulun da gefen mayafinta, ta sumbaci warwaron, sannan ta kamo hannun Nirmin ta zura mata.

Ya zarce sululu har gwiwar hannu.

"Mama, ya yi min yawa..."

Tsohuwar ta share hawaye tana dariya.

"Ki dai ci abinci, 'yata. Nan da shekara talatin, ke ma sai da sabulu."