Tukunyar Da Bare Ba Ya Taɓawa

"Gwaggo Hisa, ki taimake ni... na kasa shiga wurin Baba!"

Mizue ce, 'yar ƙanena Tokuji, ta tare ni a bakin lungun bayan tashar jirgin ƙasa, ta cafke min hannun riga. Yatsunta sanyi ƙalau.

"Ke, sakar min riga! Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yaushe nake ce miki ki kawo yaron nan ubanki ya gan shi?"

"Tsoro nake ji, Gwaggo."

"To yau kin daina ji ne?"

Ta girgiza kai, hawaye ya cika mata ido.

"An ba Ippei aiki a kudu. Ya ce in Baba ya amince da shi, zai ƙi aikin ya zauna. In Baba ya ƙi... da sanyi ya wuce zai tafi."

"Ke kuma fa?"

"Ni? Kin manta alkawarin da na yi wa Mama a gadon asibiti? Na ce ba zan auri wanda Baba bai karɓa ba, kuma ba zan bar shi shi kaɗai ba. In ya ce a'a, shi ke nan, Gwaggo... na haƙura da Ippei."

Gaba kura, baya sayaki. Na san yarinyar nan, abin da ta faɗa shi za ta yi, ko zai kashe ta.

Can gefe saurayin yake tsaye, dogo siriri, sanye da kwat ɗin da daga gani na aro ne. Ya rusuna min har sai da na ga tsakiyar kansa.

"Kai ne Ippei?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To buɗe kunnenka. A shagon ƙanena ba a zaɓen abinci, abin da ya ajiye maka shi za ka ci. Ka ci da zafinsa. Kada ka cika surutu. Tukunyar nan kuwa da ke gefen murhu, ko numfashi kada ka yi a kanta."

Tsiren kaza muke gasawa a kan gawayi, gadon ubanmu. Shagon ɗan tsukuku ne, kanta ɗaya da 'yan kujeru a jere, mai cin abinci na kallon mai gashi ido da ido. Kusa da murhu akwai tukunyar ƙasa baƙa ƙirin, cikinta miyar da ake tsoma tsire. Tun ubanmu na saurayi ya haɗa ta, ba a taɓa juye ta ba, ba a taɓa bari ta ƙare ba. In ta yi ƙasa a zuba sabuwa a kan tsohuwa, kowane tsinke aka tsoma ya bar mata maiƙonsa. Ƙa'idar gidan kuwa, bare ba ya taɓa ta. Ko uwar Mizue sai da aka yi bikinsu kafin aka bar ta ta riƙe ludayin.

Tokuji yana da labarin da yake ba baƙi yana dariya, wai ranar wata babbar girgizar ƙasa muna yara, ubanmu ya rungumi tukunyar nan ya yi waje da ita, ko ɗigo bai zube ba. Baƙi su yi ta tafi. Ni dai ban taɓa dariyar labarin ba.

Rana na shirin faɗuwa muka ɗaga labulen ƙofa. Duk wanda ya shigo, Tokuji yakan daka masa "Maraba!" har a ji a lungu. Yau shiru. Kansa ɗaure da farin ƙyalle, yana fifita garwashi, bai ko ɗago ba.

Tsoho Gonda kaɗai muka tarar, mai raba wasiƙu da ya yi ritaya, wanda kujerar ƙarshe ta zama tasa. Ya leƙo ta saman tabarau.

"A'a! Wannan ne mai ƙarar kwanan? Yaro, ka yi sallama da mutanen gida kuwa?"

"Gonda, ka sha giyar shinkafarka ka rufe mana baki," na ce.

"Na rufe, ranki ya daɗe. Amma ni ne shaida in aka zo ɗaukar gawa."

Babu wanda ya yi dariya. Mizue ta zauna tsakanina da Ippei, ta dunƙule hannuwa a cinya.

"Baba... ga Ippei."

Ippei ya miƙe ya rusuna. "Barka da aiki, Baba."

"Ban haife ka ba."

Sai yanzu Tokuji ya ɗago ya dube shi.

"Me kake yi?"

"Bas nake tuƙawa, maigida."

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Tokuji ya duba tafin, sumul, ba tabo ba kanta, ya dubi nasa da wuta ta gama rubutu a kansu. Ya saki hannun.

Ya ɗora tsinken cinya a wuta, ya barbaɗa gishiri daga sama. Maiƙo ya ɗiga, hayaƙi ya tashi. Ƙamshin da kan sa mai wucewa ya dawo da baya, amma yau babu wanda yawunsa ya tsinke. Ya ajiye tsinken a farantin Ippei, ya harɗe hannuwa yana kallonsa.

Ippei ya dubi tsiren, ya dubi Mizue. Ya yi mata raɗa, amma a shago irin namu ba a raɗa.

"Masoyiya, tun safe ba ki ci komai ba..."

Kafin in kai hannu in tsunkule shi, ya ɗauki sandunan cin abinci, ya zare naman daga tsinke tsaf, ya tura mata tsoka mafi girma.

Wayyo! Gonda ya ajiye ƙoƙonsa a hankali. Jini ya gudu daga fuskar Mizue.

"Tun asuba nake jera naman nan," in ji Tokuji, murya ƙasa-ƙasa. "Babba a sama, ƙarami a ƙasa, don wuta ta ci su daidai. Gishirin farko daban, na ƙarshe daban. Kai kuma ka zare shi kamar mai cire ƙaya daga ƙafa."

"Ka yi haƙuri, maigida, na ga ne ita..."

"Mai son nama a faranti, ga gidajen abinci can bakin titi."

"Baba, don ni ya yi! Don ni!"

Tokuji ya juya, ya ɗebo romon kaza a ɗan kofi, ya dire a gaban Ippei. A shagonmu romo shi ne na ƙarshe, daga shi sai sallama. Tsinke ɗaya tak, sai romo. Ko yaron goye ya san abin da ake nufi.

"Baba... ka tausaya min..."

"Sha romonka, malam direba. Kada ya huce."

Ippei ya kai hannu. Bai kai ga kofin ba wayoyinmu duka suka ɗauki kuka a lokaci guda, wannan mugun kukan da ke zuwa kafin ƙasa ta motsa.

"Girgiza!" Gonda ya ƙwala ihu.

Sai ƙasa ta amsa. Da farko kamar babbar mota ta wuce. Sannan ta ɗaga mu ta buga. Fitilu suka mutu. Kwalabe suka fara ruwa daga kan katako. Na ja wuyan Mizue muka faɗa ƙarƙashin kanta, kujeru na yawo, bango na kuka kamar dabba. Na tsufa, na ga girgiza iri-iri, amma tsoronta ba ya tsufa.

"Baba! Baba, ka sunkuya!"

Ina! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta hasken garwashi na hango Tokuji ya yi kan tukunya, ya rungume ta a ƙirji. Murhun kuwa, dogon kasko cike da jan gawayi, ya zame daga mazauninsa yana tahowa kansa. Katakon kwalabe da ke samansa ya ɓalle ta gefe ɗaya.

"Baba!!"

Ban ga lokacin da yaron ya tsallake kanta ba. Na dai ga ya sa tafin hannunsa ya tokare bakin murhu, ya yi ƙara, ya kama ƙugun Tokuji da ɗaya hannun ya fizge shi baya. Katako ya rikito daidai inda tsohon yake tsaye. Suka zube tare.

Sai na ji ƙarar. A cikin duk hayaniyar nan na ji ta, ƙarar fashewar tukunyar ƙasa.

Da ƙasa ta lafa, Gonda ya rarrafa ya sheƙa wa garwashin da ya zube ruwa, shagon ya cika da tururi da ƙaurin miya. Na buɗe ƙofa, ɗan sauran hasken yamma ya shigo. Miyar ubanmu ce malale a ƙasa, tana bin tsagar siminti, cikin toka da fasassun kwalabe.

Tokuji na durƙushe yana tara ta da tafin hannu, tana zurarewa.

Mizue ta tsoma hannun Ippei a ruwan ƙanƙara tana kuka. Tafin ya tashi jawur, fata ta saluɓe.

"Wa ya ce ka taɓa ni?" Tokuji bai juyo ba. "Na riƙe ta... na riga na riƙe ta! Kai ka fasa min tukunyar ubana."

"Ni ne, maigida," in ji Ippei, haƙoransa na haɗuwa. "Ka yi haƙuri. Amma ko yanzu ta sake, haka zan yi."

"Fita min daga shago!"

Ippei ya yunƙura zai tashi. Mizue ta dubi ubanta, ta dubi saurayinta, sai na ga yatsunta sun fara sakin hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Alkawari za ta cika.

Nan na ji abin da na haɗiye tun ina yarinya ya taso min.

"Tokuji."

"Yaya, ki fita daga maganar nan."

"Ba zan fita ba. Kullum kana ba mutane labarin ranar da ubanmu ya gudu da tukunya ko ɗigo bai zube ba. Ka taɓa gaya musu inda muke ranar?"

Ya ci gaba da tara miyar.

"Ba ka sani ba, don kana goye. Ƙarƙashin tebur muke. Ni na rungume ka, ina kiran Baba, ina kallon bayansa ya fita da tukunya. Rufi na zubo mana a ka. Maƙwabta ne suka zaro mu. Yau ga wanda ya ga tukunya ya ga mutum, ya ɗauki mutum. Shi kake kora?"

Babu mai motsi. Daga nesa jiniyar motocin kwana-kwana na tashi.

Tokuji ya sunkuyar da kai. Sannan ya sa hannu ya ture toka, ya ɗago wani abu a hankali. Gindin tukunyar ne, tsingaro mai ɗan zurfi, da sauran miya a ciki da ba ta fi cikin ludayi ba. In da iri, ai da shuka. Wannan kaɗai ta isa a tayar da sabuwa.

Sai ƙasa ta sake motsawa, 'yar ƙarama, irin wadda kan biyo baya. Mizue ta yi ƙara. Hannuwan Tokuji suka hau karkarwa, miyar na tangal-tangal a bakin tsingaro.

Ina kusa da shi, ni 'yar gida. Ya dube ni ya wuce. Ya dubi Mizue, jininsa, ya wuce.

"Kai, direba. Zo ka riƙe."

Ippei ya tsaya sororo.

"Baba..." in ji Mizue. "Tukunyar ce fa... shi kuma bare ne."

"Ke za ki koya min ƙa'idar gidana? Na ce ya riƙe! Da hannu biyu!"

"Hannunsa ya ƙone, Baba."

"Na gani. Shi ya sa. Hannun da ya ƙone saboda ni ba na bare ba ne."

Yaron ya durƙusa ya karɓa, da mai lafiya da ƙonanne, hawaye na zuba amma hannun bai motsa ba. Mizue ta faɗa ƙirjin ubanta tana kuka mai sauti, shi kuma ya ɗora mata hannunsa mai danƙon miya a ka, yana kallon hoton uwarta da ya karkace a bango.

"To, ni dai gawa na zo ɗauka," in ji Gonda yana jan majina, "ga shi zan koma da goron gayyata."

Da sanyi ya wuce aka yi biki. Ippei bai tafi kudu ba. Yana nan yana tuƙa bas ɗinsa, ranar hutu kuma shi ke zuba sabuwar miya a sabuwar tukunya, da tabon nan a tafin hannu. Labarin ubanmu kuwa, Tokuji bai sake ba kowa shi ba.

Daren bikin ya gasa tsinken cinya da kansa, ya tsoma a miya, ya dire a gaban angon yana muzurai.

"Ci daga tsinke, ɗana. Matarka ga nata nan, na gasa mata."