Dariyar da Ta Yanke

Ranar da ta fara zuwa situdiyon don neman aikin tace sauti, ta tarar da shi tsugune a ƙarƙashin tebur yana laluben bakin wata waya. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a saman shagon gyaran firji, an lilliƙa soso a bango saboda ƙarar titi. Ya ɗago zai amsa sallamarta, tebur ya buge shi a ƙeya. Ta so ta danne dariya, abin ya gagara.

"Ke ce mai tace sautin?" ya tambaya yana shafa kai. "Kin taɓa jin shirinmu?"

"Duka na ji. Kuma direban nan shi ya yi kisan."

Ya zuba mata ido, ya ce, "Anya kuwa?"

Wannan kalmar ce ta jawo masa suna, don masu sauraro Malam Anya suke ce masa. Shirin nasu podkas ne, wato shirin sauti na intanet, da ke bin diddigin wata tsohuwar shari'a. An tsinci gawar wani mai kantin magani a cikin kantinsa, kotu ta ɗaure direbansa rai da rai. Babbar hujjar ita ce wata maƙwabciya da ta rantse cewa daga tagar benenta ta hango direban yana fitowa daga kantin a guje. Su biyu ke gabatar da shirin. Malam Anya yana neman inda shakka take, abokiyar aikinsa kuma, wata mai kaifin baki da kowa ke kira Lauya, ta tsaya kai da fata cewa kotu ta yi daidai.

Aka ɗauke ta aiki a ranar. Aikin nata shi ne ta sa hedifon a kunne ta zauna da muryoyinsu, ta cire tari, ta cire in'ina, ta rage dogon shiru. Ba a jima ba ta haddace numfashinsa. Ta san yana ɗan haɗiye yawu kafin ya faɗi abin da ya dame shi, ta san dariyarsa iri biyu ce: akwai ta ladabi, akwai wata mai fitowa daga ciki wadda ba kowa yake yi wa ba.

Shi kuma ya tsiri kawo mata shayi yana ajiyewa nesa da kwamfuta, sai ya tsaya a bayanta wai yana duba aiki. Wata ranar Asabar saƙonsa ya shigo wayarta:

"Kunnena, yau ba aiki amma ina ta magana ni kaɗai. Na saba in na yi magana akwai mai ji. Zan iya zuwa in gaida su Baba?"

Ta karanta har ta kusa haddacewa, sannan ta amsa:

"Malam Anya, ka tabbata? Ko shi ma sai an kawo shaida?"

"Wannan karon ni ne shaidar, ni ne wanda ake tuhuma. Na amsa laifina."

Mahaifinta tsohon ma'aikacin gidan yari ne, mutum mai magana ɗaya. Ya karɓi gaisuwar saurayin a daƙile, bayan ya tafi ya kira ta falo.

"Na ƙare ƙuruciyata ina kulle ƙofa a kan mutane," ya ce. "Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce shi ne ba. Yanzu ga yaro ya mai da tonon kabarin mutane sana'a, komai aka ce masa sai ya ce anya. Wanda bai iya cewa e ko a'a ba, shi zan ɗauki 'yata in ba?"

"Baba, mutumin kirki ne."

"Ban ce mugu ba ne. Na ce ban yarda ba."

Ta yi kuka ta share hawaye, amma gaskiya ba maganar Baba ce ta fi cin ta ba. Lauya ce. Mace kyakkyawa, ga ilimi, ga iya zolaya, kuma a kunnen mai tace sauti ake zuba duk zolayar. In sun gama musu sun tafi, ita ce za ta zauna ta maimaita kowace jimla har ta gaji. Masu sauraro kuma ba su taimaka ba. Kullum a ƙarƙashin shirin sai wani ya rubuta, "Malam Anya da Lauya, ku daina wahalar da mu, ku yi aure kawai." Tana karantawa, tana jin kamar ta jefa wayar ta taga.

"Me ya sa kike haɗe rai in Lauya ta shigo?" ya tambaye ta wata rana.

"Ni? Fuskata ce haka."

"Kunnena, musu kawai muke yi da ita."

"Na sani. Ai ni nake jin daɗin da musun yake yi muku."

Ya yi murmushi ya ɗauka wasa ne. Maza kenan.

Sai ga ranar da komai ya juye. Lauya ta shigo da wani tsohon hoto da matar direban ta samo a wurin wani mai ɗaukar hoto na unguwar. An ɗauke shi a makon da aka yi kisan, kuma a cikinsa ga wata ƙatuwar bishiya tsaye tsakanin tagar maƙwabciyar da ƙofar kantin. An sare bishiyar kafin kotu ta je duba wurin. Aka kunna makirufo, Lauya ta ajiye girman kai ta ce, "Tun farkon shirin nan nake cewa shi ne. Yau ban sani ba. Daga wannan tagar, ganye kawai za a iya gani."

Malam Anya ya buga tebur don murna. "Wallahi Lauya, ke daban ce! Samun irinki sai an tona!" Sai ya saki dariyar nan, ta cikin, wadda mai tace sauti ta ɗauka tata ce ita kaɗai.

Da suka fita ta sa hedifon. Niyyarta ta cire yabon kawai. Amma yabon da dariyar sun cakuɗe da bayanin bishiyar, yana yaba ta tana bayani, tana bayani yana dariya. Ta yanke nan, maganar ta gurgunce. Ta ƙara yankewa. Ta sake ji, ta sake jin "ke daban ce", zuciyarta ta tafasa, ta ja layi a kan wurin gaba ɗaya ta goge. Ta gaya wa kanta cewa dama shirin ya yi tsawo. Haka aka sake shi, ba hoto, ba bishiya, ya ƙare a kan tsohuwar hujjar Lauya cewa direban ne.

Washegari situdiyo ya kama da wuta. Lauya ta shigo a fusace.

"Kai ka sa aka cire! Ba ka so a ji cewa ni na gano abin da ka kasa ganowa!"

"Ni? Ke dai kika ji kunyar janye maganarki a gaban jama'a!"

Ba wanda ya waiwayi mai tace sauti, don ba wanda ya zaci za ta taɓa abin da ba a sa ta ba. Ta ci gaba da kallon kwamfutarta. Kuma, Allah ya yafe mata, wani sashe na zuciyarta ya ji sanyi da ta ga Lauya ta suri jaka tana cewa ta bar shirin.

A bakin ƙofa Lauya ta yi kiciɓis da wata mata siririya, mayafinta ya koɗe. Matar direban ce. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi zama.

"Ba faɗa na zo yi ba," ta ce. "Lauya, kin ce mini za a faɗi maganar bishiyar. Na tara 'yan uwan mijina da suka daina gaishe ni, na tara maƙwabta, na ce yau za ku ji. Muka zauna har ƙarshe. Yayansa ya miƙe ya ce, to ai ga shi su ma sun ce shi ne. 'Yata ta ƙi zuwa makaranta yau. Ni dai ku gaya mini, hoton ne ba shi da amfani?"

Mai tace sauti ta dubi matar. Ta cire hedifon ta miƙe.

"Yana da amfani, Mama. Ni na cire."

Duk suka juyo suka dube ta.

"Don me?" Malam Anya ya tambaya a hankali.

"Don ka yi mata dariya." Hawaye suka zubo mata. "Kishi nake yi. Ba wani dalili."

Lauya ta nuna shi da yatsa. "A kan wannan? Mutumin da ko takalmi zai saya sai ya yi kwana uku yana shakka? Ƙanwata, ko kyauta aka ba ni ba na so. Amma abin da kika yi ba ƙarami ba ne."

Malam Anya ya miƙe. Ya raka matar direban ƙasa, bai dawo ba.

Kwanaki suka wuce ba shayi, ba saƙo. Ta dawo da abin da ta goge, don kwamfuta na ajiye asalin rikodin, ta haɗa shirin yadda ya kamata ya fita. Sannan ta rubuta masa:

"Ban cancanci ka kira ni da sunan da ka saba ba. Na gyara shirin. Ina roƙon abu ɗaya, ka bar ni in shiga gaban makirufo in faɗa da bakina. In ka so bayan nan in bar aikin, zan bari."

Amsar ta zo da rana tsaka:

"Mutum yana ɗaure saboda wata ta ce ta gani daga nesa. Ke ma daga nesa kika ji, kika yanke mini hukunci, ba ki tambaye ni ba. Raina ya ɓaci sosai. Ba sai kin faɗi sunanki a shirin ba, zan ce kuskurenmu ne. Ki zo gobe."

Ta je, amma ba ta yarda ya rufa mata asiri ba. Ta zauna a kujerar da ba ta taɓa zama ba, ta ce ita ce ta cire bayanin bishiyar, ba bisa umarnin kowa ba, ta nemi gafarar direban da iyalinsa. Bayan ta gama aka saki bayanin Lauya cikakke, da yabon, da dariyar.

Shirin ya zagaya fiye da duk na baya. Wasu suka zage ta, wasu suka yaba. Wata ƙungiyar lauyoyi ta nemi ganin hoton, aka fara shirin ɗaukaka ƙara. Musu bai mutu ba, har yau akwai masu cewa direban ne, bishiya ko ba bishiya.

Baba ma ya ji, a wayar ƙanwarta. Ya aika a kira masa saurayin.

"Na ji ɓarnar da 'yata ta yi maka," ya ce. "An ce ka so ka ɗauki laifin a kanka."

"Haka ne, Baba."

"Ka huce?"

"Ban gama hucewa ba."

"Kana son ta a haka?"

"Ina son ta."

Tsohon ya gyara zama. "Ni har yanzu ina ganin direban nan da sauran bayani a bakinsa," ya ce. "Amma da ni ne alƙali, da wannan hoton a gabana, ba zan iya barci ba. Ka turo manyanka."

Tana laɓe a bayan labule, ta toshe baki da mayafi don kada a ji kukanta.

Aka yi bikin a wani ɗan madaidaicin zaure. Lauya ce ta riƙe wa amarya jaka, tana ta tsokanarta cewa ta yi a hankali kada ta goge jawabin ango. Ango kuwa duk inda ya juya sai ya leƙo fuskarta ya ce, "Kunnena, kin gaji?" Ita kuma ko a ranar sai da ta harari wata 'yar uwarsa da ta cika yi masa fara'a.

Ana shirin tashi sai ga matar direban ta ratso mutane, riƙe da hannun 'yarta. Amarya ta miƙe da sauri, kunya ta rufe ta.

"Mama, ban zaci za ki zo ba."

"Jiya na je gidan yari ziyarar maigidana," matar ta ce. "Na ba shi labarin komai, har abin da kika faɗa a shirin. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin a kama shi, amma jiya ya yi dariya har da hawaye. Ya ce in gaya miki ya yafe. Ya ce ai ya san ciwon kishi, da mai irinsa ya zauna a gida." Ta sunkuyo ta rage murya. "Gaskiya ya faɗa. Da ni ce, muryar Lauyar gaba ɗaya zan goge."

Amarya ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta rungume ta. Matar ta kamo hannun ango ta ɗora a kan na amarya, ta riƙe su da nata biyun.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka. Duk abin da ɗayanku ya ji a kan ɗaya, Allah ya ba shi haƙurin tambaya. Allah kada ya nuna muku ranar da za ku gaisa ta bayan ƙarfe."

Duk zauren aka amsa da amin, muryar Baba ta fi ta kowa ƙarfi.