Mai Ba Da Hannu a Rumfar Tarakta

Ranar wata Talata ce a farkon damina Yusha'u Ɗantsoho ya makara a gona. Direban tarakta ne na wata ƙungiyar manoman masara da ke tsakanin Tsafe da 'Yandoto, shekararsa goma sha ɗaya a kan sitiyari. Dokar ƙungiya ce, kuma dokar hankali ce a 'yan shekarun nan, kafin rana ta faɗi kowane ƙarfe ya koma rumfa, kowane mutum ya koma gida. Amma ran nan ƙusar garma ta karye masa a tsakiyar kunya. Kafin ya samo wata ya ɗaura, rana ta yi ja.

Sai ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi wuluk.

Rumfar tana can bayan gari, a gefen wani tsohon kufai. Doguwa ce, rufin kwano, an kewaye ta da bulo ta ɓangare uku, gaba kuma ƙofar ƙarfe. Ginshiƙai shida ne a kowane gefe. Yusha'u ya san su kamar yunwar cikinsa, don da shi aka kafa su shekara uku da suka wuce. A nan ake ajiye taraktoci biyu, da haro mai farfasa ƙasa, da tirela, da injin casar masara, da gangunan man gas. Mai gadin wurin kuwa Baba Shehu ne, dattijon da ba ya rabo da jar hula da ƙaramin rediyonsa.

Ya tarar da ƙofa a buɗe, amma babu motsin rediyo. Wurin da ya saba ajiye tarakta, nan kusa da ƙofa, an jibge buhunan taki da aka kawo da rana. Dole ya shiga ciki sosai. Ya juya kan tarakta, ya sa giyar baya. Fitilar baya ta daɗe da mutuwa, cikin rumfar kuma ya riga ya yi duhu.

"Salamu alaikum, Baba!" ya ɗaga murya a kan rurin inji. "Zo ka ba ni hannu!"

Ba a amsa sallamar ba. Amma can ƙarshen rumfa ya hango jar hula, da hannu a ɗage.

"Taho," in ji muryar Baba Shehu.

Yusha'u ya saki kuloci a hankali, wuyansa a karkace yana kallon baya. Tayoyi suka hau siminti. Ya wuce buhunan taki, ya wuce ɗaya taraktar. Yayyafi ya fara dukan kwano ɗai-ɗai, kamar ana watsa tsakuwa.

"Taho. Taho."

Ya saba da warin wurin, warin man gas da bakin mai da taki. Yau akwai wani abu a ƙarƙashinsu. Warin danshi ne mai sanyi, irin na rijiyar da aka daɗe ba a ɗebi ruwanta ba.

Ya wuce tirela. Ya wuce injin casa, wanda shi ne a jikin bangon ƙarshe.

"Baba, ai mun iso bango."

"Da saura. Taho."

Sai ya lura tsohon bai matsa kusa ba, bai kuma ƙara nisa ba. Tun daga ƙofa yake a tazara ɗaya. Ƙafafunsa ba sa tafiya, amma tarakta ba ta cim masa.

Yusha'u ya dubi gefensa. Wani ginshiƙi ya wuce. Ya waiwaya gaba, ya ƙirga waɗanda ke tsakaninsa da hasken ƙofa. Bakwai.

Ya sake ƙirgawa. Takwas.

Ƙofar ta koma 'yar ƙarama, kamar tagar ɗaki.

Wayarsa ta fara rawa a aljihun gaba. Ya taka birki, ya zaro ta da hannun hagu. Hasken fuskarta ya haska masa suna: Baba Shehu.

Ya dubi wayar. Ya dubi mai jar hular. Hannu ɗaya yana sama yana kiransa, ɗayan a sake, babu komai a ciki.

Ya danna, ya kara a kunne.

"Yusha'u, ka isa rumhwa?" Muryar tsohon ce, a bayanta ana jin hayaniyar mata da kukan jariri. "Ina nan asibiti Tsahe, ɗiyata Aziza ce haihuwa ta zo ma da gardama. Na baro ƙohwa buɗe don kai. Ka ji ni da kyau, kada ka kai tarakta ƙarshen rumhwa. Simintin wurin ya dare da sahe, ƙasa na zurarewa. Ka aje ta baki-baki. Kana ji na?"

Yusha'u ya sake duban mai jar hular.

"Yusha'u?"

"Baba," ya ce da raɗa, "to wa ke ba ni hannu?"

Sai ya ji tsohon ya ja numfashi.

"Sauka. Kada ka amsa mishi. Sauka ka gudu!"

Wayar ta mutu.

Injin tarakta ma ya mutu, ba tare da ya taɓa makulli ba.

Ruwan ya kece a kan kwano, amma ƙararsa ta yi nisa, kamar a wani gari ake yin sa. Abin da yake ji kusa shi ne ɗigar ruwa a cikin rami mai zurfi. Ɗis. Ɗis.

Tarakta ta motsa baya.

Ƙafarsa na kan birki. Ya danna da dukkan ƙarfinsa. Tayoyin ba sa juyawa, jan su ake yi, roba tana kuka a kan siminti.

Ya waiwaya.

Mai jar hular yana nan dab da garma, ya riƙe ta da hannu ɗaya. Fuskar Baba Shehu ce sak, har da tabon da ke kuncinsa. Sai dai idanun ba sa ƙiftawa. Bakin kuma a rufe yake ruf, muryar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa.

"Shekara uku kuna aza muna ƙarhe bisa kai. 'Ya'yanmu ba su barci. Taho ka ga inda kuke zuba mai."

A bayansa babu bango, babu siminti. Bakin rami ne kawai a buɗe, iska mai sanyi tana hurowa daga ciki.

Yusha'u ya nemi Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya yi nauyi kamar dutse. Da ƙyar ya fizgo kalmar farko.

Garma ta leƙa ramin. Gaban tarakta ya fara ɗagawa.

Ya diro.

Gwiwarsa ta bugi ƙasa, bai ji zafi ba. Ya miƙe ya nufi ɗan hasken nan. Taku uku ya yi, aka kama bayan rigarsa.

Sanyin hannun ya ratsa yadin har ƙashin bayansa.

"Da saura," aka ce a kunnensa.

Ya ɗaga hannuwansa sama, ya sulale daga cikin rigar, ya bar ta.

Gudu yake, ginshiƙai na wucewa, ƙofa ba ta matsowa. Numfashinsa ya ƙare. A bayansa babu sawun kowa, sai sanyin da ke bin wuyansa.

Can daga cikin gari, lasifikar masallaci ta yi ƙara. Ladan ya ɗaga murya.

"Allahu Akbar!"

Yusha'u ya faɗa cikin taɓo a waje, ruwa na dukan bayansa. Bai waiwaya ba. A ƙofar masallaci aka tsince shi, ba riga, takalmi ƙafa ɗaya, haƙoransa na haɗuwa.

Washegari da hantsi shugaban ƙungiya, Alhaji Attahiru, ya tafi wurin da liman da mutane kusan ashirin. Tun daga nesa suka ja suka tsaya. Taraktocin biyu, da haro, da tirela, da injin casa, da gangunan mai, har buhunan taki, duk suna waje, an jera su sahu ɗaya a cikin fili. Taɓon da ke kewaye da su sumul yake, babu sawun taya ko ɗaya. A cikin rumfa kuwa simintin ƙarshe ya rufta, ga bakin wata tsohuwar rijiya da aka gina da duwatsu, wadda ko dattawan gari ba su san da ita ba. A gefenta aka ga rigar Yusha'u, an ninke ta tsaf.

Babu wanda ya taɓa ta. A makon aka kwashe kayan zuwa wani fili a cikin Tsafe, aka kwance kwanon, aka bar bulon a tsaye.

Kwana goma sha tara Yusha'u ya yi yana zazzaɓi. Ran da ya fara iya zama, Baba Shehu ya zo gaishe shi. Yusha'u ya ƙi kallonsa sai da tsohon ya yi sallama sau biyu da ƙarfi.

"Baba, yaya aka yi ka san in gudu? Ko tambaya ba ka yi ba."

Tsohon ya murza carbinsa.

"Ka gahwarce ni, ɗana. Tsoro ni ji kada a ce na tsuhwa na ruɗe, a sallame ni, ga iyali, shi ya sa ban hwaɗa ma kowa ba." Ya sunkuyar da kai. "Wata uku ke nan, kullum magariba in kun tahi gida, ana kirana daga ƙarshen rumhwar nan, in zo in kama wani abu."

"Wa ke kiran?"

Baba Shehu ya ɗago ya dube shi.

"Kai. Da muryarka ake kirana."