Mangwaro a Ƙasar Ƙanƙara

Da hantsin ranar Litinin aka bugo wa Sufeto Odalys Montesino waya cewa an tsinci gawa a wata masana'antar naɗa taba da ke San Juan y Martínez. Kafin ta isa, Saja Yosvani ya riga ya gama binciken a ransa, don shi mutum ne da ba ya son aiki ya kwana a hannunsa.

"Nemesio Carballo ne, mai duba naɗi," in ji Saja. "Tun yammacin Asabar yake kwance a gindin matakalar ɗakin ganye. Maɓallan rigarsa biyu suna can sama, wato an yi kokawa kafin ya faɗo. Ga kuma abin da muka samu a gefensa."

Ya miƙa mata wuƙar naɗi mai lanƙwasa, an ɗaura mata jan zare.

"Ta Migdalia Ferrer ce, kowa ya shaida. Sun yi cacar baki ranar Asabar. Tana bayan kanta tun ɗazu."

"Akwai jini a wuƙar?"

"Babu, ranki ya daɗe."

"To me ta yi masa da ita? Fifita?"

Saja ya sosa ƙeya. Amma da maganar ta kai wurin maigidansu a ofis, bai ga abin dariya ba. Ya ce ranar Alhamis da azahar takardu za su tafi wurin mai gabatar da ƙara. Odalys ta san in suka tafi da sunan Migdalia a kai, matar za ta shekara a tsare kafin wani ya sake tuna ta.

Ta samu Migdalia zaune a bayan kanta, mace mai shekara hamsin da 'yan kai, yatsunta duk sun rine da ganye.

"Ina wuƙarki?"

"Ta ɓata tun makon jiya."

"Mai naɗi ta yi mako ba wuƙa? Da haƙori kike yanka ganyen?"

Migdalia ta sunkuyar da kai, can ta fashe da kuka.

"Shi ya ƙwace ta. Ya mayar mini da naɗi arba'in wai sun yi tauri, na gaya masa wadda ba ya so, ya fizge wuƙar ya sa a aljihu, wai sai na ba shi haƙuri. Na tafi gida abina. Wallahi ban ƙara ganinsa ba."

"Haka yake da zafi?"

"Da can ba haka yake ba. Mako uku ke nan ya birkice, tun da Baba Eulogio, mai yi mana karatu muna aiki, ya fara karanta mana sabon littafi. Da an kunna lasifika sai ya fice. Har cewa ya yi a sauya littafi, muka kaɗa ƙuri'a muka kayar da shi."

Odalys ta rubuta wannan, ta ja layi a ƙarƙashinsa.

Ranar Talata ta koma masana'antar a daidai lokacin karatu. A irin wannan zauren mahaifiyarta ta tsufa, saboda haka ba sai an gaya mata ta yi shiru ba. Mutum tamanin suna naɗi, ido a kan ganye, kunne a wurin dattijon da ke kan dandamali. Mutuwa ta faɗo gidan, amma karatu bai tsaya ba.

Eulogio Pedroso tsohon malamin makaranta ne, siriri, mai farar riga a goge. Muryarsa kuwa ba ta tsufa ba ko kaɗan. Labarin wata mata yake karantawa a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, wadda ta ɗauki shekaru tana bibiyar mutumin da ya cuce ta, tana aika masa wasiƙu marasa suna. Da ya rufe babin, masu naɗi suka shiga ƙwanƙwasa wuƙaƙensu a kan katako, wanda shi ne tafinsu.

Odalys ba labarin take bi ba, hannunsa take kallo. Ta duba agogo sau biyu. Minti goma sha ɗaya ya yi yana zuba karatu bai juya shafi ba.

A lokacin hutu ta zauna wurin wasu tsofaffin hannu biyu, Herminia da Bienvenido, suna kurɓar gahawa.

"Me ke cikin littafin nan da har kuka ƙi a sauya shi?"

"Haba 'yar nan," in ji Herminia. "Ke ba a taɓa cutarki kika haɗiye ba? Mu kullum haɗiyewa muke yi. To ga wata ta ƙi haɗiyewa. In na ji mugun nan ya kasa barci, har naɗina ya fi kyau."

"Ita so take a kashe shi tun babi na biyu," in ji Bienvenido. "Mijinta ne nake tausayi."

"Rufe mana baki, mai kan ƙwarya. Wa ya ce a kashe shi? In ya mutu ai ya huta. Daɗin abin shi ne ya san an sani, amma bai san wa ya sani ba."

"Me ya yi wa matar?" Odalys ta tambaya.

"Ɗiyarta ya take da babbar mota," in ji Herminia. "Yarinya a kan jan keke, a kwanar da ke gindin mangwaro. Ya sauko ya dube ta tana numfashi, ya ga takalminta ɗaya ya maƙale a gaban motar, ya cire ya tafi da shi."

"Gindin me?"

"Mangwaro."

"A ƙasar da ƙanƙara ke rufe ƙofar gida?"

Bienvenido ya ajiye kofinsa. "Ni ma fa abin ya ɗan tsaya mini. Sai na ce mutanen can masu hali ne, ƙila a ɗaki suke shuka shi."

Odalys ta hau dandamali ta samu Eulogio yana goge tabarau.

"Baba, yaya kuke da marigayi?"

"Gaisuwa ce kawai, ɗiyata."

"Ranar Asabar ƙarfe nawa ka tashi?"

"Sha biyu. Ina rufe babi na kama hanyar gida."

"Ara mini littafin nan zuwa gobe."

Ya ɗora tafinsa a kan bangon littafin. "Ke 'yar gida ce, kin san ƙa'ida. Ba mai leƙa littafi sai an kai ƙarshe."

Ya faɗi haka da murmushi, kuma gaskiya ya faɗa, ƙa'idar ke nan. Sai dai Odalys ta lura hannun nasa bai bar kan littafin ba har ta sauka.

Ranar Laraba da safe ta shiga motar haya zuwa Pinar del Río, ta sa ma'aikaciyar laburare ta tono mata wani kwafin. Ta zauna a benci ta bi shi shafi-shafi har la'asar. Ƙanƙara tana nan, wasiƙu suna nan. Amma matar littafin ba ta ma taɓa haihuwa ba, gidan gadonta aka cinye mata. Babu keke, babu babbar mota, babu mangwaro ko na magani.

Abin ya ba ta tsoro, ba ta ɓoye wa kanta ba. Mutum tamanin sun yi mako uku suna sauraron abin da babu shi a takarda, don mai naɗi ba ya ɗaga ido daga ganye.

Daga nan ta wuce ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli na sashen haɗurra. Ba ta sha wuya ba. Shekara goma sha tara da suka wuce, a hanyar Consolación del Sur, mota ta take wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a kan jan keke. Ba a samu direban ba. Sunan yarinyar Yanelis Pedroso, ɗiyar Eulogio. Ta buga waya ofishin ma'aikatan masana'antar, aka tabbatar mata cewa kafin Nemesio ya zama mai duba naɗi, direban motar ɗaukar ganye ne.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara, kafin a kunna lasifika, ta samu Eulogio shi kaɗai a ɗan ɗakin da yake ajiye jaridu. Ta ajiye kwafin laburare a gabansa.

"Nuna mini mangwaron, Baba."

Ya dubi littafin, ya dube ta. Ya cire tabarau ya ninke.

"Kin karanta duka?"

"Duka. Naka ya fi daɗi."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Bara tsohuwar matar Nemesio ta aiko a kira ni asibiti. Ta ce ba za ta mutu da abin a cikinta ba, shi ne ya take mini ɗiya. In je wurinku? Da wace shaida, maganar matacciya? Sai na ce to, ni murya gare ni. Kullum in ɗan ƙara masa layi biyu. Yau keken, gobe kwanar, jibi takalmin. Ina kallonsa daga sama yana jiƙewa da gumi kafin ya fice, mutum tamanin suna tsine masa ba su san shi ne ba."

"Hakan bai ishe ka ba?"

"Na ɗauka zai ishe ni. Wallahi na ɗauka."

"Ranar Asabar fa?"

"Bayan an tashi ya ce in same shi a ɗakin ganye. Ya durƙusa, ya ce in yi wa Allah in daina. Na ce zan daina, abu ɗaya nake so, ya ba ni takalminta. Uwarta ta ajiye ɗayan har ta rasu." Muryar da ke cika zaure ta koma ƙasa-ƙasa. "Ya ce ya jefar tun a hanya. Ya ce bai ma tuna ko na dama ne ko na hagu ba. Na ci kwalarsa. Da na dawo hayyacina yana ƙasa."

"Ka san wuƙar Migdalia tana aljihunsa?"

"Sai ranar Litinin na ji."

"Ka ji, ka kuma hau dandamali."

"Saura babi huɗu," in ji shi. "Na ce bari in kai su ƙarshe tukuna."

Odalys ta ji tausayin da ya fara kama ta ya tsaya cak. Ta buga wa Saja waya ta ce ya buɗe bayan kanta, ya zo da mota, ya zo da Migdalia.

Ba ta sa wa dattijon ankwa ba. Suka bi ta tsakiyar zaure, mutum tamanin suka tsaya da aiki, Herminia ta dafe ƙirji. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Migdalia tana fitowa daga mota, da rigar da aka kama ta da ita, idanunta a kumbure. Saja ya riga ya gaya mata komai a hanya.

"Migdalia, ɗiyata..." Eulogio ya fara.

"Kada ka ce mini ɗiyarka. Ni na fi kowa kuka a kan yarinyar nan, ban ma san taka ba ce. Da ka gaya mana, da mu muka kai shi caji ofis da hannunmu." Ta matso har yana jin numfashinta. "Kwana uku ina kwance a siminti, kana nan kana gyara murya. Kai ma ka ga mutum a ƙasa yana numfashi, ka wuce abinka. Gaya mini, Baba, kai da ka san littattafai, me ake yi wa irinku?"

Eulogio ya juya ya nufi motar. Saja ya riƙe masa ƙofar mota, ya sunkuya ya shiga.