Auta Da Mai Walda

Auta na zaune a tsakar gida tana datse zare a bakin wata jaka, Yaya Babba ya faɗo ko sallama babu. Shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma labarin mai waldan da ke zarya wurinta ya iso kunnensa.

Shan inna ya kama ƙafafunta tun tana rarrafe. Ta girma a ɗaki ana yi mata komai, har ranar da ta tura kekenta na guragu zuwa cibiyar da ke koya wa masu naƙasa sana'a. Can ta koyi ɗinkin jaka, da sa farashi, da yadda ake riƙe kwastoma. Da ta kammala suka ba ta keken ɗinki na hannu, suka kama mata shago. Mai walda ne ya yi mata gangara a ƙofar shagon, daga nan kullum sai ya samo abin gyara, ko da babu abin da ya lalace.

Yaya ya ce shago yaron ya hango, don lafiyayyen namiji ba ya neman gurguwa sai da wata a ƙasa. Umma ta sunkuyar da kai ta ce a bi maganar babba.

Hawaye ya cika idon Auta, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Wato Yaya, keken ɗinki ya isa a so shi, ni ce ban isa ba? Ba zan yi aure ba sai da yawunku. Amma wallahi ba zan kore shi ba."

Gidan ya ɗauki gaba da ita, ta daure. Ana haka aka yi ruwa da iska, rufin shagon ya rufta, keken ɗinkin ya karye, fatu suka jiƙe suka ruɓe. Yaya ya ce yanzu za a ga gudu.

Auta ba ta zauna zaman makoki ba. Ta koma cibiyar ta nemi ta riƙa koyar da sababbin ɗalibai da safe, da yamma ta yi ɗinkinta a kekensu. Suka amince. Mai walda kuwa in ya tashi daga aiki sai ya hau tsani yana ɗaga mata rufi. Shagon na nan wayam ya zo gidan neman aurenta tare da kawunsa.

"Ka san yanzu ba ta da komai?" in ji Yaya.

"Na sani, Yaya. Ai da can ma ba jaka na zo saye ba."

Yaya ya tashi ya tsuguna gaban keken ƙanwarsa, ya ce ta yafe masa, tsoron kada a cuce ta ne ya sa shi ya fara cutarta.

Bayan bikinsu ta buɗe shagon da keken ɗinkin da ta saya da guminta. Mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma wanda ya rasa ƙafa bai rasa daraja ba.