Rundunar Ƙashi a Ɗakin Yagana

Wata Talata ce a tsakiyar bazara. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, unguwar Wulari ta fara shirun nan da ta koya tun da fitina ta shigo Maiduguri. A shekarun nan ba sai an ce wa mutum ya shiga gida ba. Da ladan ya gyara murya, masu keke napep sun ɓace daga titi, mai shayi ya kife tukunyarsa.

Yagana tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, faranti a cinya, tana son ta ci moriyar ɗan hasken da ya rage. A kan farantin akwai 'yan mutum-mutumi na roba, kowanne tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Ba fata, ba tsoka. Ƙwarangwal ne zalla, wani da takobi, wani da mashi da garkuwa, dukkansu baki a buɗe.

Asalin sana'arta zanen lalle ne. Da can amaren Wulari da Dala layi suke yi a tsakar gidan nan. Sai biki ya yi wuya, sai kuma mijinta Ajimi, direban motar kaya, ya ɗauki wake zuwa Damboa bai dawo ba. Shekara uku ke nan. Ba gawa, ba mota, ba wanda ya ce ya gan shi. Ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Da yunwa ta fara leƙo ɗaki, ta samu aikin shara a masaukin ma'aikatan agaji. A can wani Bature mai haƙa rijiyoyin burtsatse ya ga zanen hannunta, ya tsaya yana kallo. Shi da abokansa, da yake ba a barinsu fita da yamma, wasan yaƙi suke yi a kan tebur. Su jera 'yan sojojin nan runduna biyu, su jefa ƙwayar lido, wanda ya faɗi a ɗauke shi. Ya ba ta kwali guda na ƙwarangwal da fenti da burushi sirara, ya nuna mata yadda yake so a fente su, ya yanke mata lada.

Ta iya aikin fiye da shi. Ta fara shafe su da baƙi, ta bi da launin ƙashi, wanda ba fari ba ne, ya fi kama da haƙorin tsoho. Ta tsinka fenti ruwan ƙasa ya kwanta a tsakanin haƙarƙari, ta ɗiga tsatsa a bakin takubba da tsinken da take zanen lalle. Daga ƙarshe ta shafa gam a gindin kowanne ta barbaɗa yashi mai laushi, don ya zama kamar a fili yake tsaye. Yashin kuwa daga bakin kogin Ngadda ta ɗebo shi a leda, wata ranar da ta taso aiki gab da magariba.

Tana cikin ɗiga baƙi a kogon idon wani mai mashi, sai dutse ya faɗo tsakar gida.

Ba daga bayan katanga aka jefo shi ba. Daga sama ya sauko a miƙe, ya zauna inda ya faɗi, bai gangara ba. Inno, tsohuwar da suke haya gida ɗaya, ta leƙo da buta a hannu.

"Yaran nan ba su da mutunci," in ji ta.

Amma duk sun san babu yaron da uwarsa za ta bari a waje a wannan lokaci. Yagana ta taɓa dutsen. Da ɗumi, kuma a jiƙe.

Na biyu ya faɗo, na uku ya fasa murfin randa. 'Yarta Hanifa, mai shekara goma sha huɗu, tana tsaye kusa da randar da moɗa a hannu. Ba ta firgita ba, ba ta ko kalli dutsen ba. Farantin take kallo.

"Mama," ta ce a hankali, "ɗaya ya juya kansa."

Tun daga ranar magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana lafiya lau. Da inuwar darbejiya ta kai bakin ƙofa, jifa ya fara. Bayan jifa sai wasu ƙananan muryoyi daga ƙarƙashin gado, inda Yagana take ɓoye kwalin, kamar yara suna kuka a cikin tulu. In ta jawo kwalin, sai ta tarar da 'yan ƙwarangwal ɗin da ta kwantar a cikin tsumma sun tashi tsaye, sun yi sahu, duk sun fuskanci shimfiɗar Hanifa.

Yarinyar ta daina cin abinci. Ta daina zuwa makaranta. Sai ta zauna a gefen gado tana lilo da jiki, in an yi mata magana ta kalli mutum kamar daga nesa. Wata safiya Yagana ta buɗe mata baki don ta ba ta kunu, ta ga yashi a kan harshenta. Ta kai ta asibiti, aka auna jini, aka ce ba zazzaɓi, ba komai, a ba ta abinci mai gina jiki.

Yagana ta san daga inda abin yake. Zuciyarta ta gaya mata tun daren farko. Amma aikin nan shi ne shinkafar da ke tukunya, shi ne rufin da ke kansu. Ta riƙa ce wa kanta saura kaɗan, in ta gama ta mayar wa mai su, shi ke nan. Ta riƙa fenti tana karanta duk abin da ta haddace, tana ɓoye wa Inno.

Rana ta tara ta gama. Ta naɗe kwalin a zane ta nufi ƙofa. Hanifa, wadda kwana biyu ba ta iya tsayuwa, ta miƙe ta riƙe mata wuyan hannu. Riƙon ba na yarinya ba ne. Yagana ta ji ƙashinta yana neman tsagewa.

"Ajiye," in ji wata murya mai kauri daga bakin Hanifa. "Ina za ki kai min su?"

Kwalin ya faɗi, 'yan ƙwarangwal suka watse a ƙasa. Inno ta shigo da gudu, ta ga abin da ke ƙasa, ta ga idon yarinyar ya juye, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Yagana, gumaka kika tara a ɗakin da kike salla?"

"Inno, da me zan ciyar da ita?"

Tsohuwar ta yafa mayafi ta tafi Dala da ƙafa, ta dawo bayan la'asar da Goni Madu, wani malami mai ruƙiyya.

Goni Madu dattijo ne siriri, ido ɗaya ya yi fari, ba ya son yawan magana. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi 'yan ƙwarangwal ɗin, ya dubi Yagana. Bai yi mata faɗa ba, wannan ya fi faɗan ciwo. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, aka zaunar da Hanifa a tabarma, Inno ta riƙe ta ta baya. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, bai ɗaga ba, bai yi sauri ba.

Ya daɗe yana yi. Ɗakin ya yi zafi kamar an rufe tanda. Can sai Hanifa ta gantsare, ta yi wata ƙara da ta sa kajin maƙwabta suka tashi.

"Ya isa, malam! Kana ƙona ni!"

"Wace ce ke?"

"Ba ruwanka da sunana."

"Me ya kawo ki jikin yarinyar da ba ta yi miki komai ba?"

Muryar ta dawo a gajiye, kamar ta macen da ta yi doguwar tafiya.

"Mu ma gudu muka yi. A dajin bayan Konduga muke tun kakanninku ba su zo ba. Wuta ta riƙa sauka daga sama, ƙasa ta riƙa fashewa, har ba inda za mu fake. Na kwaso 'ya'yana na biyo kogi, na kwantar da su a cikin yashi. Wannan matar ta zo da magariba, ba bisimilla, ba sallama, ta kwashe su a leda. Ta manne min su da gam a ƙarƙashin ƙafar waɗannan abubuwan. Kwana tara suna kuka. Na yi jifa, ba ta ji ba. In ta riƙe nawa, ba zan riƙe nata ba?"

Yagana ta durƙusa, hawaye yana zuba. "Wallahi ban sani ba. Ki yafe ni. Yanzu zan kankare, in mayar da su inda na ɗebo."

"Kin ji," in ji Goni. "Za a mayar miki da naki kafin rana ta faɗi. Ki fita."

Bakin Hanifa ya yi wani murmushi da ba nata ba.

"Bakin kogi akwai sanyi, malam. Nan kuwa akwai rufi. Mu yi ciniki. A bar ni da yarinyar, ba kullum ba, ranar Talata kawai. Ni kuma in biya." Kan ya juya a hankali zuwa ga Yagana. "Na ga mijinki. Farar mota mai buhunan wake, a hanyar Damboa. Ina nan a wurin. Na san abin da ya faru, na san inda yake yanzu."

Yagana ta ɗago kai da sauri.

"Kada ki tambaye ta komai," in ji Goni, bai ko waiwayo ba. "Tambaya ɗaya, kin buɗe ƙofar da ba ni da makullinta."

Sai muryar ta sauya. Ta yi laushi, ta yi ƙasa, da ɗan dishin nan na mutumin da ya kwana a hanya.

"Gana," ta ce. "Gana, kina ji na?"

Duk duniya mutum ɗaya ne yake kiranta haka. Shekara uku tana bin ofisoshi da hotonsa a jaka, tana leƙa fuskar duk wanda aka sako daga tsare, tana zuwa ɗakin ajiye gawa ta dawo ba ta san ko ta yi murna ko ta yi kuka ba. Ga amsar a gabanta, taku ɗaya. Kalma biyu kawai za ta furta: yana raye? Ta buɗe baki. Inno tana girgiza mata kai, Goni ya ci gaba da karatu, amma ita ba ta jin kowa.

Sai ta dubi bakin da muryar ke fitowa. Leɓɓan sun tsage, jini ya bushe a gefe. Wuyan yarinyar ya rame har ana ganin jijiya tana bugawa. Ta tuna Talata ba ta ƙarewa, kowane mako da tasa, har yarinyar ta girma, har ta tsufa.

Ta sa tafin hannu ta toshe bakinta, ta cije shi har ta ji gishirin jini. Da ta sauke hannun, muryarta ba ta fi raɗa ba.

"Ki tafi da labarinki. Ki bar min 'yata."

"Ba za ki ƙara samun mai gaya miki ba."

"Na sani."

Goni ya ɗaga murya a karon farko. Ya yayyafa ruwan ƙwaryar a fuskar Hanifa, ya sa aljanar ta yi rantsuwa da wanda ya halicce ta cewa ba za ta dawo ba, ita da zuriyarta, muddin an mayar da yashin yau. Ta yi gardama, ta yi kuka, daga ƙarshe ta rantse. Hanifa ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin Inno kamar tsumma.

Ba lokacin hutawa. Yagana da Inno suka zauna da reza suna kankare gindin 'yan ƙwarangwal ɗaya bayan ɗaya, suna tara yashin a farin ƙyalle, ba su bar ko ƙwaya ba. Yagana ta ƙulle shi ta fita da gudu ba takalmi. Ta isa bakin Ngadda rana saura kaɗan ta nutse. Ta yi bisimilla, ta yi sallama, ta zazzage ƙyallen a daidai inda ta ɗiba. Iska ba ta motsa ba, amma yashin ya baje da kansa ya kwanta.

A hanyar dawowa ta ci karo da Goni yana sauri ya kai Dala kafin a rufe hanya. Ta sha gabansa tana haki.

"Goni, don Allah. Da gaske ta sani?"

"Wataƙila. Sukan haɗa gaskiya ɗaya da ƙarya ɗari."

"To gaskiyar fa?"

"Ita ce ƙugiyar, 'yata. Gobe ki fitar da abubuwan nan daga gidanki."

Washegari ta mayar wa Baturen kwalinsa, da fentinsa da burushinsa. Ya yaba aikin, ya tambayi abin da ya sami yashin, ya ɗauko wani kwalin. Ta ce masa hannunta ya gaji.

Magaribar ranar ba dutsen da ya faɗo. Su uku suka zauna a tsakar gida suna saurare har aka idar da salla, ba abin da suka ji sai kukan jemagu a kan darbejiya. Hanifa ta karɓi kofin kunu da hannu biyu, ta sha rabi, ta tsaya.

"Mama, Inno ta ce na yi magana da muryar Baba."

Yagana ta dubi tsohuwar, tsohuwar ta sunkuyar da kai.

"Me ya ce?"

"Sunana kawai ya kira."

"Kin amsa?"

Yagana ta dubi ƙofar gida. Sannan ta sa hannu ta gyara wa yarinyar ɗankwali.

"Ban amsa ba," ta ce. "Shanye kununki kafin ya huce."