Rigar Da Ta Zuba

Tana kan tsani tana jera gyale ya shigo. Dogo ne, sanye da farar rigar ma'aikatan jinya, ya tsaya tsakiyar shagon kayan mata kamar wanda ya ɓata hanya. Ya kai hannu kan wata riga mai duwatsu masu walƙiya, ya janye, ya sake kaiwa.

"Wa za a saya wa?" ta tambaye shi tana saukowa.

"Autarmu. Ta samu aikin koyarwa, kayanta kuwa duk na 'yan makaranta ne." Ya sosa ƙeya. "Da mahaifiyarmu na raye da ba ki gan ni nan ba."

Ta saci kallon ƙofar ciki, inda Mama, mahaifiyarta kuma mai shagon, take waya. Ta rage murya.

"Ajiye wannan. Wanki biyu duwatsun sun bi ruwa. Mai zuwa aiki kullum ba tarin kaya take buƙata ba, 'yan kaɗan masu jure wanki sun ishe ta."

Ta ciro siket baƙi, da rigunan auduga farare, da wata doguwar riga shuɗiya mai duhu. Ta juya shuɗiyar ciki waje ta nuna masa ɗinkin, ta ja gaɓar hammata, ta damƙe yadin a tafinta ta saki, bai yamutse ba.

"Wannan sai ta gaji da ita ta bayar. Na tsaya mata."

Shi kuwa ba rigar yake kallo ba. Da ta ɗago suka haɗa ido, sai ta ji kunnuwanta sun yi zafi.

"To Malamata, a ba ni lamba, ko ɗalibi zai yi tambaya."

Tambayoyin ba su ƙare ba. Yau yadda ake wanke farin kaya, gobe wane gyale ya dace da baƙin siket, har aka daina fakewa da kaya.

*"Malamata, yau na yi wa wani tsoho allura ina murmushi, ya ce ko dai an yi mini albishir ne. Na ce a'a Baba, tunani ne."*

*"Yayan Auta, ka kula da aikinka kada ka soke bayin Allah a banza. Ka ci abinci kuwa?"*

Mama ba ta makance ba. Tana ninke kaya wata safiya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yaron nan mai farar riga, kayan wa yake ta saye haka?"

"Mama, gaisawa kawai muke."

"Gaisuwar ta isa. Maraya ne mai riƙe da ƙanwa, ga aikin da ba shi da lokacin tashi. Ga ɗan mai ba mu sari nan yana ta zarya a kanki, gidansu ba abin da babu."

Ɗan mai sarin kuwa bai taɓa tambayarta ya ta kwana ba. In ya zo sai ya jingina da mota yana ba ta labarin kwantenar da za ta iso.

Tun daga ranar da Mama ta yi maganar ta shiga kaffa-kaffa. In waya ta yi ƙara sai ta dubi Mama kafin ta duba wayar.

Ana cikin haka wata mata ta shigo a fusace ta jefa wata shuɗiyar riga kan teburin shagon. Launin rigar ya zuba, ta yi dabbare-dabbare kamar an watsa mata toka. Kafin azahar wata ma ta dawo da tata. Duk daga kayan da ɗan mai sari ya kawo ne. Mama ta kira shi, ya ce shi ba ya karɓar kayan da suka taɓa ruwa, ya kashe waya.

Ita kuwa 'yar ta ɗauki rigar ta duba. Irin rigar ce ta sayar wa Yayan Auta, har da cewa ta tsaya mata.

*"Don Allah kada Auta ta wanke shuɗiyar nan tare da fararen. Zan yi maka bayani."*

Shiru. Ta kira, ba a ɗaga ba.

*"Wallahi ban sani ba. Ɗinki na duba, ban gwada launin ba. Kada ka ɗauke ni maƙaryaciya."*

An karanta, ba amsa.

Haka ta yi ta fama, tana ba mai neman gyale siket. Duk farar rigar da ta gifta ta bakin shagon sai ta leƙa.

Ranar Asabar wata siririyar budurwa ta yi sallama, sanye da shuɗiyar rigar da ta koɗe. Ba sai an faɗa ba, idanunsu ɗaya da yayanta.

"Ke ce Malamar?"

"Ni ce. Ki yi haƙuri da rigar, zan canza miki, ki gaya masa..."

"Wace riga? Ni ko a jikina, ga ta nan ina sa abata." Auta ta dubi Mama, ta durƙusa har ƙasa. "Mama, wajenki na zo. Tun ranar da kika same shi a asibiti kika ce ya fita hanyar 'yarki, yayana bai ƙara cin abincin kirki ba. Ya ce ya yi miki alkawari, ba zai karya ba. In ni ce nauyin, na fara aiki, zan riƙe kaina."

Malamar ta dubi Auta. Ta juya a hankali.

"Mama, kin je wajensa?"

Mama ta zauna kan kujerar roba, ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Babanki ma haka na aure shi, da ƙanne a wuyansa. Ya rasu ya bar ni da ke a goye. Na san abin da na sha, ba na so ki ɗanɗana."

"Kin taɓa yin da-na-sanin aurensa?"

Mama ta girgiza kai. Hawaye ya taru mata.

"Ko sau ɗaya." Ta share ido ta dubi Auta. "Tashi, 'yata. Ki ce masa ina nemansa."

Da ya zo, zufa ta jiƙa masa baya tun kafin ya zauna. Malamar tasa kuwa tana bayan labulen ɗakin gwajin kaya, ta toshe baki da hannu.

"Ta turo maka saƙo tana kuka, ka ƙi amsawa," in ji Mama.

"Na rubuta amsa na goge ya fi a ƙirga, Mama. Amma ke kika haife ta. In na saba miki tun ban same ta ba, da wane ido za ki ba ni ita?"

"In ita da ƙanwarka suka saɓa fa?"

"Zan ji ta kowa. Amma ina tsoron haɗe mini kai za su yi."

Mama ta yi dariyar da ba ta shirya ba. "Ka turo manyanka."

Bai kai bakin titi ba wayarta ta yi ƙara.

*"Malamata, ɗalibinki ya dawo aji. A yi masa afuwa."*

*"Sai ka ci abinci tukuna, abin ƙaunata. Auta ta tona maka asiri."*

Ranar ɗaurin aure Mama ta rufe shago, abin da ko ciwo bai taɓa sa ta yi ba. Da aka zo tafiya da amarya, ta kama hannun 'yarta ta ɗora a na Auta, sannan ta dubi angon da ya sunkuyar da kai.

"Ita kaɗai gare ni. Yau na zama mai uku. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin zama da juna, ya sa ku tsufa tare."

Aka amsa da amin. Amarya ta ƙanƙame mahaifiyarta ta ƙi saki, har sai da Mama ta raɗa mata a kunne, "Je ki, mutumin kirki ne. Na gani da idona."